Bokitin da Ba Na Tofi Ba

Ɗan ƙanwata hanci gare shi tun yana yaro. Ya zo hannuna ne bayan rasuwar mahaifinsa. Ƙanwata ta miƙo mini shi daga Kano ta ce amana ce, muka zauna da shi a gidanmu na Bronx, a ɗaya daga dogayen benayen nan na kusa da titin Concourse. Allah bai ba mu haihuwa ba ni da mai ɗakina, don haka shi ne ɗan. Idan ya dawo daga makaranta, tun daga bakin lif zai ce, "Yau Umma daddawar Nijar ta sa, ba ta Kano ba," kuma haka ne. Idan kunun zaƙi ya kwana a firji ya fara juyawa, shi ke fara sani kafin harshen kowa ya ji.

Mai ɗakina, wadda yake kira Umma, ita ce ta koya masa yin tsiro. Mu sayo gero a titin 116 a Harlem, ta jiƙa, ta baza a faranti ta rufe da tsumma mai laima, shi kuma ya riƙa leƙawa safe da yamma har geron ya fito da farin gashi. Sai su shanya kusa da hita, su niƙa. Da tsiron nan kunu ke yin zaƙi ba a sa sukari ba.

Da ya gama jami'a, inda ya karanta ilimin sarrafa abinci, na zaci kamfanin madara ko na lemo zai nufa. Ya nema bai samu ba. Wanda ya samu shi ne wani ƙaramin gidan dafa giya a Brooklyn, irin waɗanda suka yawaita a garin nan, inda mutane kaɗan za su kama tsohon sito su kafa tukwanen ƙarfe, su riƙa yin tasu giyar iri-iri, kowacce da sunanta da zanen gwangwaninta. Ranar da ya gaya mini, mun ɗaga wa juna murya, abin da ba mu taɓa yi ba. Na faɗa masa abin da na karanta a zaure tun ina ƙarami, cewa laifin bai tsaya kan mai sha ba, ya haɗa da mai yi da mai ɗauka da mai cin kuɗin. Ya ce shi a ɗakin gwaji yake, awo kawai yake yi, kuma da ya samu wani aikin zai bari. Ya tattara kayansa ya koma kusa da wurin aikin. Muka yi watanni ba ma magana sai ta bakin mai ɗakina.

Daga baya muka shirya, irin shirin da ba a tono. Yana zuwa ranar Juma'a da yamma ya ci tuwo ya bi ni Magariba. Ba na karɓar kyautarsa, shi ma ya daina kawowa. A ƙasar nan kowa da inda ya kafa iyakarsa. Ni da nake tuƙa tasi na sha ɗaukar wanda ya yi tatul in kai shi ƙofar gidansa, wani kuma yana yawo a keke yana kai wa mutane abincin da shi ba zai ci ba. Ba na cewa duka ɗaya ne. Mun dai koyi kau da kai.

Sai ga maganar aure. Yarinyar nas ce, 'yar abokina Alhaji, mutumin Zangon Kumasi da ke zaune a Tompkinsville, can tsallaken ruwa. Shi ma direban tasi ne. Mun yi shekaru muna haɗuwa a inda tasi ke jiran layi a filin jirgi, mu shimfiɗa kwali tsakanin motoci mu yi jam'i, mu sha shayi daga fulas ɗaya. Yaran su suka ga juna, ba mu muka haɗa ba, amma da maganar ta iso gare mu mun yi murna. Tun da yaron ba shi da baffa a nan, ni ne mai nema masa, ni ne kuma wanda za a tambaya halinsa.

Kafin in je wurin Alhaji na zaunar da yaron bayan mun ci abinci.

"Za a tambaye ni," na ce masa. "Kana sha?"

"Kawu, ka taɓa ganina a buge?"

"Ba ita na tambaye ka ba."

"Ni ba mashayi ba ne. An dai sa ni cikin masu ɗanɗanawa, saboda hancin nan da Umma ke yi wa tsiya. Kafin a zuba kowace tukunya a gwangwani sai mun duba ta. Aiki ne."

Ban ƙara tambaya ba, domin zuciyata ta riga ta tafi wurin da ta sani. Mun karanta hukuncin mace mai azumi da ke duba gishirin miya. Ta sa a kan harshe ta tofar, azuminta na nan, ko da yake an ƙi hakan. Na ga mahaifiyata tana yi, na ga mai ɗakina tana yi. A sanina haka ake ɗanɗana abin da ba a yarda ka ci ba. Na san giya ba miya ba ce, ƙazanta ce ko a tufa ta zuba, balle a baki. Amma tsakanin wanda ya tofar ya kurkure da wanda ya haɗiye akwai tazara, kuma a cikin tazarar nan na ga inda aure zai iya tsayawa.

Na sami Alhaji a filin jirgi bayan mun idar da La'asar.

"Malam," in ji shi, da Hausarsu ta Zango wadda ba ta raba mace da namiji, "yarinyana ya ce yaron nan yake so. Na san inda yake aiki, ba a ɓoye mini ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, kai ne ubansa a nan. Yana sha?"

"Ɗanɗanawa yake, Alhaji. Ya sa a harshe ya tofar."

"Ya tofar."

"Ya tofar."

"To, magana ya ƙare. Ku kawo goro bayan Sallah."

Na koma mota da murna, amma kafin in sauke fasinja murnar ta fara sanyi. Yaron bai ce mini yana tofarwa ba. Ni na cike masa. An koya mana cewa shaida sai a kan abin da ido ya gani, ni kuwa ban taɓa taka ƙofar wurin ba, duk da ya daɗe yana cewa in zo in ga aikinsa. Da na gaya wa mai ɗakina zan je, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, an ce a kawo goro. Ka bar kaza cikin gashinta."

"Shaida na bayar."

"Ka bayar an karɓa. Me ya rage?"

"Gani."

"Kai dai ba ka iya zaman lafiya ba," in ji ta, ta ci gaba da aikinta.

Ranar Asabar da hantsi na hau jirgin ƙasa na tafi, don da hantsi suke yin ɗanɗanon, kafin kowa ya ci abin da zai ɓata masa harshe. Abin da ya fara tarata a ƙofa ba warin da na yi zato ba ne. Ƙanshin tsiro ne a kan wuta, ƙanshin hatsi mai zaƙi, irin wanda ke cika gidanmu ranar da ake dama kunu. Na tsaya ina istigfari, don hancina ya ji daɗi kafin in hana shi.

Yaron ya fito da takalman roba har gwiwa, fuskarsa a sake.

"Kawu, yau ka zo."

Ya gabatar da ni ga shugabar masu dafawa, wata Baturiya mai furfura. Ta ga na dafa ƙirji, ita ma ta dafa nata ba ta miƙo hannu ba, na gane ya riga ya yi mata bayani. Na ce ba zan zauna a teburinsu ba. Ya kawo mini kujera bakin ƙofa kusa da buhunan sha'ir, ya ba ni ruwan gora da ba a buɗe ba.

Ba su da yawa a teburin. Gaban kowa akwai ƙananan kofuna na roba, da ruwa, da biskit marar gishiri, da takardar da yake rubuta abin da ya ji. A tsakiya kuma ga wani farin bokiti. Da na ga bokitin nan sai na ji numfashina ya daidaita. Na ce a raina, alhamdu lillahi, ga kaskon tofi.

Giyar farko da aka zuba fara ce tas, launin man gyaɗa sabo. Laga suke ce mata. Ba wanda ya kai baki da sauri. Suka ɗaga kofunan wajen hasken taga, suka juya su a hankali, suka sa hanci suna shaƙa gajere-gajere kamar masu sayen turare. Ɗakin ya yi tsit. Yaron ya ba ni baya, don haka ƙeyarsa kawai nake gani, sai hannunsa da ya miƙa wajen bokitin bayan ya gama. Ya yi musu magana da Turanci, sannan ya waiwayo.

"Wannan ta fi kowacce wuyar yi, Kawu. Kamar farar shadda take, ba ta ɓoye tabo. Na ji man shanu a cikinta, alamar ba ta gama nuna ba. Sai a bar ta a tukunya tukuna."

Ta biyu ta alkama ce, ba ta da haske, kamar ruwan gasara, da kumfa mai kauri. Ya ce ana neman ƙanshin ayaba da kanumfari a cikinta, alhali ba a sa ko ɗaya ba, yis ne ke kawo su. Wani saurayi mai gemu ya ce ayabar ta yi yawa ta danne kanumfarin. Suka yi ta gardama a kai da natsuwa, kamar masu duba hatsi a kasuwa. Kowa ya kurkure da ruwa ya ci biskit. Na ji ƙarar abu yana zuba a bokiti, na ci gaba da jan carbina.

Ta uku ita ce wadda suke kira da haruffa uku na Turanci, mai ɗaci. Kafin a zuba ta ya taso ya kawo mini wani busasshen fure kore a tafin hannu, ya ce hofs sunansa, shi ke ba ta ɗacin. Na murza na shinshina. Akwai ɓawon lemo a ciki, da gwaiba, da wani abu can ƙasa mai kama da ganyen darbejiya. Da ya koma sai ya zauna a kujerar da ke fuskantata, don ya riƙa yi mini bayani ba sai ya waiwayo ba.

"A wannan, ɗacin ake dubawa, Kawu. Akwai mai tsabta wanda ke wucewa, akwai mai kartar maƙogwaro."

Ya ɗaga kofin, ya shaƙa, ya kurɓa. Ya riƙe a baki, idonsa a rufe. Sai na ga zakaran wuyansa ya hau ya sauka. Ya jira kaɗan, ya fitar da numfashi ta hanci, ya rubuta wani abu. Sannan ya miƙa hannu ya juye abin da ya rage a kofin cikin bokiti.

Na duba sauran. Haka kowa ya yi. Bokitin na zubar da ragowa ne.

Na tambayi Baturiyar da Turancina na tasi, ko ba sa tofarwa. Ta yi murmushi, ba na raini ba, ta ce masu giyar inabi ne ke tofarwa. Wannan kuwa ba a sanin ɗacinta a bakin harshe, sai ta wuce, kuma abin da ya saura a maƙogwaro shi ne rabin hukuncin. Wanda bai haɗiye ba, in ji ta, bai duba ba. Yaron ya tsura wa takardarsa ido.

Ya kamata in tashi a lokacin, amma na ci gaba da zama. Aka kawo baƙa ƙirin, sitawut, wadda suka ce tana ƙanshin gahawa da ɓawon burodi da ya ƙone. Aka kawo wata mai tsami da gangan, wadda ta sa saurayin mai gemu ya yamutsa fuska sannan ya yaba. Kowacce kurɓi biyu ne ko uku, ba wanda muryarsa ta canza, ba wanda ya yi dariyar banza. Da mashaya na gani suna tangaɗi da abin ya fi mini sauƙi. Waɗannan mutane ne masu kula da aikinsu, kuma ɗana ya fi su iyawa, na ga yadda suke jiran abin da zai ce.

Ta ƙarshe ja-ja ce, launin ruwan tsamiya. Yaron ya miƙe tsaye ya yi musu bayani da kansa. Na tsinci kalmar gero a cikin Turancin, da tsamiya, da citta. Shi ya haɗa ta. Shi ya yi tsiron, yadda aka koya masa a gidana. Baturiyar ta daɗe da kofin a hanci, ta kurɓa, ta ce ba ta taɓa jin irinta ba. Mai gemun ya bubbuga kafaɗarsa. Shi kuwa ni ya duba. A nan na gane don wannan ya daɗe yana gayyatata.

Ya rako ni har bakin titi.

"Ban taɓa ce maka ina tofarwa ba, Kawu."

"Ba ka ce ba. Ni na ce, kuma na riga na gaya wa Alhaji."

Ya dubi takalmansa.

"To ka bar shi haka. Bai sake tambaya ba."

"Ka bar aikin yau, in bar shi haka. Sai ya zama abin da ya wuce."

"Yau? Kawu, haya fa? Auren da me za a yi shi?"

"Allah ne mai arziki."

"Haka ka ce lokacin da nake yawo da takardu ba wanda ya kira ni." Ya goge fuska da hannu. "Ban ce ka yi ƙarya ba. Cewa na yi kada ka koma."

"Maganar da na bari a wurinsa ba gaskiya ba ce. Barinta ma ƙarya ne."

"Ka raine ni, Kawu. Kada ka yi mini wannan."

Na sauka ƙasa wurin jirgi.

Washegari na hau jirgin ruwa na tsallaka. Na sami Alhaji a gida, na ce ina son ganinsa shi kaɗai. Matarsa ta kawo shayi ta fita. Na gaya masa na je na gani, shaidar da na ba shi ba daidai ba ce, yaron ba ya buguwa, yana salla, ba shi da wani mugun hali da na sani, amma yana haɗiyewa, kuma aikin ba ya yiwuwa sai da haka. Alhaji ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Na ji," in ji shi. "Ka sha shayinka."

Bayan kwanaki ya aiko cewa a dakata da goro.

Yaran ba su dakata ba. Kafin sanyi ya shigo suka je ofishin hukuma suka yi aure irin na takarda, da abokan aikinsu a matsayin shaidu. Babu waliyyi, babu sadaki a gaban jama'a, babu fatiha. Mai ɗakina ta sa leshinta ta tafi. Ta gaya mini za ta, ba ta tambaye ni ba. Ƙanwata ta kira daga Kano tana kuka, ta ce, "Yaya, amana na ba ka." Na ce amanar nake ƙoƙarin riƙewa. Ta ce wace iri, ta kashe waya.

Na yi ta haɗuwa da Alhaji a filin jirgi bayan haka, mu gaisa mu wuce. Wata rana layi ya tsaya, jirage sun yi jinkiri saboda ruwan sama, ya zo ya buɗe ƙofar motata ya zauna a gaba ba sallama.

"Malam, wa ya aike ka?"

"Ina?"

"Wurin nan. Wa ya ce ka je ka gani? Na tambaye ka, ka ba ni amsa, na karɓa. Ka zaci ni yaro ne? Kafin tasi na yi shekaru ina jera giya a firji a shagon mutane. Na san abin nan ba a tofar da shi."

"Ka sani ka tambaye ni?"

"Maganan malami nake so in riƙe. In wani a masallaci ya buɗe baki, in ce Malam ya ba ni shaida. In ɗaura aure, yarinyana ya shiga ɗaki da fatiha. Bayan aure mu haɗu mu matsa wa yaron har ya bar aikin. Kai kuma ka hau jirgin ruwa ka zo ka zuba mini a kunne. Bayan na ji, ta yaya zan zauna gaban liman in ce na bayar?"

"Wato wuyana ka so ka rataya wa."

"E, wuyanka. Kai malami ne, ka fi ni sanin istigfari." Bai yi dariya ba. "Yanzu yarinyana yana gidan namiji da takardan gwamnati. Wannan wuyan wa?"

Motocin gabanmu suka fara motsi. Ya fita ya rufe ƙofar a hankali, ya ruga wurin tasa motar yana kare kai da hannu.

Na koma gida na ciro littattafaina na fiƙihu, waɗanda na cika gefensu da ajami tun ina saurayi. Na bi babin shaida, na bi babin aure. Na tambayi waɗanda suka fi ni sani ba tare da na ambaci kowa ba, duka suka ce abin da na yi shi ne daidai. Ni ma har yau ban ga inda na kauce ba. Alhaji ya koma bin jam'in da ake yi a ɗaya gefen filin. Yaron kuwa ina kiransa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wayar ta yi ta ringi har ta tsinke.